Kada a Buɗe Bayan Yashica

Talata, 5 ga Agusta, bayan La'asar

Masu gaisuwa sun fara raguwa. Yau abokan aikina ne suka zo daga makaranta, suka ce ya ƙarin haƙuri, na ce da godiya. Bakina ya gaji da wannan kalmar. Na ɗauko ragowar littafin shirin darasi ina rubutu a bayansa, tunda ba ni ba aji sai na fita takaba, hannuna kuwa bai saba zaman banza ba.

Yaya Maharazu, wan Malam mijina, ya zo daga Ringim da kwaɗo sabo fil. Ya kulle ɗakin kyamarori ya jefa makullin a aljihu. Ya ce, "Maman Umaima, ba zargin kowa nake ba. Dukiyar magada ce, har da marainiya a ciki. Ko allura kada a taɓa sai an yi rabo bayan arba'in." Na ce to, Yaya. Me zan ce? Gaskiya ya faɗa.

Amma Yashica tana ciki, baƙar nan da ke kanta ta sama. Kuma akwai fim a cikinta.

Alhamis, 7 ga Agusta, da safe

Ba na son Alhamis yanzu.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Asabar ce ranarsu. Warhaka da Malam ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya fito da kyamarorin ɗaya bayan ɗaya, yana gogewa da tsohon hirami, yana kara su a kunne yana bugawa. Ni kuma ina wucewa da tsintsiya ina tsaki. Mazan mutane a Dutse filaye suke tarawa, nawa mijin tsofaffin kyamarorin Japan, masu cin fim, waɗanda wasunsu sun girme ni. Yashica, Canonet, Minolta, Konica, Olympus, har na haddace sunayen ba da son raina ba. Wata a akwatin wani mai hoto da ya rasu a Ringim ya samo ta, wata a Kano wajen 'yan gwanjo, an jibge ta cikin matattun rediyo. Duk mai hoton da waya ta kashe wa kasuwa a ƙasar nan, Malam ya san ƙofar gidansa. In albashi ya shigo daga ma'aikatar gona na ga yana ta fara'a babu dalili, na san wata sabuwar tsohuwa na hanya.

Sau ɗaya ya sa ni na leƙa. Akwai ɗan ɗigo ruwan ɗorawa a tsakiyar tagar, abin da kake kallo ya rabu biyu a cikinsa, sai ka murza zoben har su haɗe su zama ɗaya. Famfon tsakar gida na kalla. Na ce to na gani, famfo ne. Ya ce ni dai ba a burge ni.

Umaima ce ɗalibarsa. Ina jinsa yana ja mata kunne: "Irin waɗannan ta taga kike leƙawa, ba ta ido ba. Ko murfi na kan idon, ke fes za ki ga komai. Canonet tana da kirki, ƙin bugawa take yi. Yashica kuwa ba ruwanta, za ta buga miki duhu ta yi shiru." Sai ya daki ƙirji wai shi tunda yake bai taɓa wannan shirmen ba. Mutumin nan da cika baki.

Yau barandar ba kowa sai kaji.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Azahar

Abin da na sani game da fim kaɗan ne, amma wannan na san shi sarai: in aka buɗe bayan kyamara ba a naɗe fim ɗin ya koma gwangwaninsa ba, haske ya cinye komai. Ƙiftawar ido ta isa. Kuma duk mai son sanin darajar kyamara bayanta yake fara buɗewa, na sha ganin Malam yana yi in zai saya.

Bari in rubuta, ko zai sauka daga ƙirjina.

Gidanmu a Taura ko kalanda mai hoton mutum ba a ratayawa. Baba malami ne, a kan haka ya tashe mu, a bikina ma ba a ɗauki ko ɗaya ba. Ban da na katin aiki da na zaɓe, ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Allah da ikonsa sai ya haɗa ni da mai hoto. Shekara ashirin da ɗoriya, duk Sallah sai ya ce, "Malama, yau fa?" in ce, "Baɗi." Har abin ya zama wasa tsakaninmu. Bai taɓa ɗaukata a sace ba, ko da waya. Wannan na shaide shi.

Ranar Larabar nan da yamma, ba Sallah ba komai, ina tsince shinkafa ya zo ya tsaya a kaina da Yashica, ya ce saura kaɗan fim ɗin ya ƙare, yau fa? Na ɗaga kai, sai na ga furfura ta cinye masa gemu ban lura ba. Ban san lokacin da na ce to ba.

Wai zo ka ga rawar jiki. Ya kife turmi, ya ɗora kujera 'yar tsuguno a kai, ya ɗora kyamarar, ya leƙa, ya murza, yana ta "kada ki tashi, don Allah kada ki tashi." Ya ja ɗan hannun nan da ke sa ta buga da kanta, ya rugo har yana tuntuɓe da faranti, ya zauna kusa da ni a tabarma. Ya ɗora hannu a kafaɗata. Ni ƙasa nake kallo, kunya kamar in nutse, ina jin idonsa a gefen fuskata. Abin ya yi ta ƙirrr, can ya ce ƙas. Na zabura na shige kicin.

Daga can na jiyo shi yana dariya shi kaɗai, har da tari. Na leƙo na ce lafiya? Ya ce, "Ba komai. In na dawo daga Kafin Hausa gobe akwai abin da zan roƙe ki."

Shi ke nan. Ni da shi, shi kaɗai ne, kuma yana bayan kwaɗon Yaya.

Laraba, 13 ga Agusta, da Magariba

Na gaji. Ban yi aikin komai ba amma na gaji.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan an sauko

Yaya Adama, yayar Malam, ita ke taya ni zama. Mutuniyar kirki ce, sai dai maganar da ta shiga kunnenta ba ta kwana a cikinta. Yau tana ɓare goro na ce bari in gwada.

Na ce, "Yaya, akwai wani abu a ɗakin can da nake so a yi hankali da shi."

Ta ce, "Kuɗi ne?"

"A'a."

"Takardar fili?"

"A'a, Yaya."

"To mene ne, Zuwaira? Faɗa mini mana, ai ni 'yar'uwarki ce."

In ce me? In ce wa yayar mijina na zauna jikin ƙanenta, hannunsa a kafaɗata, mun ɗauki hoto kamar yaran zamani? Ni, 'yar malam, da furfurata, ina cikin takaba? Gobe zancen ya isa Ringim, jibi Taura. Na ce mata ba komai, tunani ne kawai. Ta dube ni ta gefen ido, ta ci gaba da taunar goronta.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan La'asar

Ai kuwa bai kwana ba.

Muslim, autansu Malam, ya zo yau da wayarsa a hannu kamar wanda ya tsinci zinari. Wai ya duba a intanet, irin kyamarorin nan Turawa da 'yan Japan rububinsu suke, wata ɗaya ma ta isa sayen babur. Da dai shi ne mai cewa Yaya Sharhabilu, wato Malam, ya cika ɗaki da tarkace. Yau tarkace sun zama dukiya.

Ya tsaya bakin ƙofata ya gaishe ni, sannan ya ce, "Anti, an ce akwai abin da kike so a ɗakin." Na ce wa ya ce? Ya ce, "A'a, ji dai na yi. Ai komai za a fito da shi a fili, kowa ya gani, kin ga babu zargi." Ya faɗi "zargi" ɗin yana kallon kwaɗo.

Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci. Yaron da na yi wa wanki yana sakandare a gidan nan. Da ina son cin kayan wansa ai shekara ashirin makullin na rataye a ƙusa.

Yanzu in na ce a sa Yashica a tumunina na gado, za a ce na san ita ce mai tsada. In na yi shiru, a buɗe ta. Na rasa inda zan sa kaina.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Umaima ta ce ba za ta koma makarantarsu ta Kafin Hausa ba. An fara karatu, ƙawayenta na ta kira, ta kife wayar. Ta ce ba za ta iya bin hanyar nan da babanta ya yi hatsari ba. Na ce to ta sama za ki bi? Ban so na faɗa da zafi haka ba.

Ta ce, "Umma, da ban ce masa garina ya ƙare ba..." Na ce rufe mini baki. Na ce kwana ne ya ƙare, ba gari ba, kada in ƙara jin wannan maganar a gidan nan. Ta shige ɗaki. Na bi ta da kunu, ta sha rabi.

Ita ce ta iya naɗe fim, da zan faɗa mata. To amma yarinyar da ko ƙofar ɗakin ba ta iya kallo, in ɗora mata wannan kuma? Ga shi 'yar fari ce, ni da ita ba mu saba irin wannan hirar ba.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan Azahar

Ruwa tun Asuba. Bangon ɗakin kyamarori ya jiƙe ta waje, ina ganin shatin. Da damina Malam ba ya barin ɗakin a rufe, yana cewa danshi na sa idon kyamara ya yi fumfuna, in ta kama kuwa daraja ta zube. Na ce yawwa, ga dalilin da ba kunya a cikinsa. Na kira Yaya Maharazu, na gaishe shi, na yi masa bayani, na ce ko a buɗe ɗakin ya sha iska.

Ya ce, "Maman Umaima, ƙarfe ne fa, ba hatsi ba. Saura kwana nawa? A yi haƙuri." Na ce to, Yaya.

To, Yaya. To, Yaya. Ni dai tun da aka kawo ni gidan nan nake to, Yaya.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Me zai roƙe ni? Na juya abin ta kowane gefe. Ko wata kyamarar ya gano yana son in ara masa daga adashina. Ko zancen gyaran gidansu na Ringim. Ko dambun nama. Mutum ba ya wannan dariyar don dambun nama.

Alhamis, 28 ga Agusta

Ba komai yau.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan La'asar

Na yi mafarkin Baba yana karatu a zaure, bai ce da ni komai ba. Na tashi ina tambayar kaina ko son hoton nan laifi ne. Mutum ya tafi, addu'a yake buƙata, ba takarda ba, na sani, ni nake koya wa yara. Ina yi masa addu'ar, kowace sallah. Amma ina son in gani. Ina son in ga yadda fuskarsa take a lokacin, tunda ban ɗaga kai na duba ba. Allah ya yafe mini in kuskure ne.

Talata, 2 ga Satumba, da Magariba

An yi sadakar arba'in. Gida ya cika ya watse, ƙafafuna sun kumbura don zama. Yaya Maharazu ya ce kafin malamin rabo ya zauna sai an san kimar komai. Gida da mota... abin da ya rage na motar, an san masu sa musu kuɗi. Kyamarori kuwa Alhaji Ɗanmusa zai zo ran Asabar, tsohon mai hoton Ringim, wanda ya koya wa Malam tun yana yaro.

Asabar ke nan.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan La'asar

Na shirya maganar a raina ta fi a ƙirga. Da na zo kan "ni da shi" sai ta watse.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan Magariba

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Sun zo da hantsi. Aka buɗe ɗakin, warin danshi ya bugo har tsakar gida. Aka jera kyamarorin a tabarma a falo. Yaya Maharazu a kujera, Muslim a tsugune da wayarsa, ni da Yaya Adama muna bayan labule. Umaima ta ƙi fitowa.

Alhaji Ɗanmusa ya tsufa ƙwarai. Ya zauna gaban kyamarorin. Ya ɗauki wata ya ce wannan tasa ce, da ita ya ɗauki rabin amaren Ringim, shi ya ba Sharhabilu ita da ya rufe shago. Sannan ya fara aiki. Sai ya sunsuna ta tukuna. Ya kara a kunne ya buga, ya saurara. Ya buɗe bayanta, ya ɗaga ta saitin taga ya leƙa ta cikin idon. Ya shafa gefen ƙofar da yatsa ya duba ko soson ya narke. Ya ce wannan lafiya lau. Wannan ta yi fumfuna, kwanan nan ma ta kama. Yaya ya gyara zama ya kau da kai.

Muslim ya miƙa masa waya yana nuna farashi. Alhaji ya ce, "Ɗana, wannan a can ne, inda mai saye yake. A nan sai ka kai Kano ko Abuja, ka jira wanda Allah ya jarabta da irin ciwon yayanka. Suna da daraja, amma ba ta babur ba." Fuskar Muslim ta sauka. Daga nan ya ƙosa. Ya ga tsoho na ɓata lokaci, sai ya ce bari ya taimaka, ya shiga ɗaukar sauran yana ɓalle musu baya yana jerawa.

Ina kallo ta tsagar labule. Ya buɗe Minolta. Ya buɗe Konica. Ya miƙa hannu ya ɗauki Yashica, ya sa yatsa ƙarƙashin ɗan hannun da ake ja sama a buɗe baya.

Na ce, "Muslim, ajiye ta."

Ban san muryata na da wannan ƙarfin ba. Yaya Maharazu ya ce, "Maman Umaima, lafiya?"

Na ce, "Akwai fim a ciki, Yaya. In ya buɗe ya ƙone."

Muslim ya ce, "To ai dama an ce akwai abin da take nema. Mene ne a fim ɗin da ba za a faɗa ba?" Yatsansa na nan inda yake.

Yaya Adama ta dafa ni. Na ce a raina Zuwaira, ko yanzu ko har abada. Na ce, "Hotona ne. Ni da shi, muna zaune tare. Ana gobe zai tafi muka ɗauka. Ba mu da wani."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Yaya Adama ta ce, "Allah sarki," a hankali. Muslim ya ajiye kyamarar a tabarma da hannu biyu. Yaya Maharazu ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Can ya ce, "Wata guda kina ɗauke da wannan?" Na ce, "Yaya, ta yaya zan faɗa?"

Alhaji Ɗanmusa ya ɗauke ta, ya ɗan murza hannun ya ji tauri, ya ce akwai kuwa. Ya danna wani abu a ƙasanta ya naɗe a hankali, muna jin ƙarar, har ta saki. Sannan ya buɗe ya fito da ɗan gwangwanin.

Yaya ya ce, "Alhaji, fim ɗin da an riga an ɗauka, nawa ne kimarsa?" Alhaji ya ce ko kyauta ba mai karɓa. Yaya ya ce, "To ba ya cikin rabo. Ko akwai mai magana?" Muslim ya ce babu, muryarsa can ƙasa. Da za su tafi ya tsaya bakin labule ya ce, "Anti, ki yafe ni." Na ce Allah ya yafe mana. Ban gama hucewa ba, amma na faɗa.

Fari-da-baƙi ne, Alhaji ya ce zai iya wankewa da ragowar maganin Malam. Ya tafi da shi a aljihun gaba.

Lahadi, 7 ga Satumba, da safe

Na yi barci. Yaya Adama tana ta kallona tana murmushi, wai ashe haka kuke. Na ce Yaya don Allah.

Umaima ta ji komai daga ɗaki. Da safe ta zo ta kwanta a cinyata, rabonta da haka tun tana firamare. Ta ce, "Umma, da gaske kin yarda ya ɗauke ki?" Na ce tashi ki ɗora ruwan zafi.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan Azahar

Shiru daga Ringim. Wai wuta ce babu.

Asabar, 13 ga Satumba, da hantsi

An yi rabo. Na ce a sa Yashica a nawa kason, ba wanda ya ɗaga kai. Umaima ta ɗauki Canonet. Sauran Muslim zai kai Kano.

Talata, 16 ga Satumba, bayan La'asar

Alhaji Ɗanmusa ya zo da kansa, a motar haya, da wannan tsufan. Tun da na ji bai aiko yaro ba na san akwai magana. Ya zauna a falo, ya miƙo ambulan ta ƙarƙashin labule.

Sun fito tas. Kasuwar Ringim, masu tattasai. Dabinai da duwatsu ta bayan gari. Wani tsoho da raƙumi. Umaima a ƙofar makarantarsu tana kare fuska da littafi. Kajina. Famfo ma, don neman magana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na kai ƙarshe, na sake komawa farko.

Na ce, "Alhaji, saura ɗaya."

Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Malama, shi ya sa na zo da ƙafata. Na ƙarshen babu komai a kansa. Ba a wanki ya lalace ba, ba kuma buɗewa aka yi ba, ga fim ɗin ki duba, wurin fari tas kamar ba a taɓa shi ba. An buga, amma haske bai shiga ba. Murfi na kan idon." Ya ƙara da cewa, "Ni na koya wa Sharhabilu riƙon kyamara. Ko yana yaro bai taɓa yi mini wannan ba. Abin da ya ruɗa shi ranar, Allah kaɗai ya sani."

Na yi masa godiya. Na sa Umaima ta kai masa ruwa da kuɗin mota, ya ƙi karɓar kuɗin. Na shiga ɗaki na ɗaga fim ɗin saitin taga. Ga kasuwa, ga raƙumi, duk a juye, sai wani ɗan fili a ƙarshe wanda nake hango bishiyar darbejiya ta cikinsa.

Wata guda da rabi ina gadin wannan. Na yi faɗa da ƙanen miji, na zubar da kunyata gaban maza, a kan wannan.

Na zauna bakin gado ina jiran kuka. Sai ga dariya ta zo. Na toshe baki da mayafi kada Yaya Adama ta ce na zare. Kyamara na gabanmu a kan turmi, da murfinta baƙi ƙirin, ko makaho ya shafa ya ji. Ni ina kallon ƙasa. Shi yana kallona. Ba wanda ya kalle ta.

Da ya je ɗaukarta ne ya gani. Dariyar ke nan.

Kukan daga baya ya zo, ya kuma daɗe.

Asabar, 20 ga Satumba, da hantsi

Umaima ta koma makaranta jiya, Muslim ya kai ta. Ta kira ta ce sun isa lafiya.

Na shimfiɗa tabarma a baranda, na goge Yashica da hiraminka. Na kara a kunne na buga, ban san me ake saurara ba.

Na gane abin da za ka roƙa, Malam. Shekara ashirin kana jira, ka samu sau ɗaya ka ɓarar, kana jin nauyin sake tambaya. Da ka tambaya a ranar. Shinkafar ai za ta jira. Da na fito na zauna, har kai ma da na ɗaga.